Ƙaryar Kara Uku

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina shan taba, amma a cikinku, ku 'ya'yana, babu wanda zai ce ya taɓa ganin kara a bakina. Kun san ina sha, na san kun sani, sai dai a gidanmu na Bungudu ba a faɗi. In na ce zan zaga bayan rumbu in duba ko gara ta shiga, kowa ya san ba gara nake nema ba. In na hau babur na ce zan leƙa gona, Innarku takan ce a dawo lafiya, ta tanadar mini ɓarin goro don in kashe wari kafin in shiga cikin yara. Haka muka zauna, ni da tabata da mutuncina, kowa da wurinsa. Na koye ta ne ina saurayi, lokacin da aka tura ni Tsafe aikin malamin gona, ina yawo ƙauye-ƙauye ina koya wa manoma awon taki da haɗin maganin feshi, kuma da ita na yi ritaya a aljihu. Abin da zan rubuta a nan labarin shekarar da na rabu da ita ne, domin yadda kuke ba da shi ba haka yake ba. Akwai mutumin da ya ɗauki laifin da ba nasa ba a wannan shekarar, kuma har yau ba a sauke masa ba.

Tari ne ya fara. Ya kama ni tun kafin azumi, ya ƙi saki, har ya zama in na tsaya a sahu sai na kusa da ni ya riƙa matsawa. Aka kai ni Gusau. Likitar da ta duba ni yarinya ce da ba ta kai babbar yayarku Rabi ba, amma ba ta yi mini kara ba. Ta saurari ƙirjina gaba da baya, ta ce duk maganin da za ta rubuta na ɗan lokaci ne, babban maganin yana hannuna. Na ce to. Na dawo gida na yi ta cin goro har haƙorana suka yi tsami, na bi da alewa, na bi da carbi. Kwana uku na yi, a na huɗu na koma duba gara.

Rabi ce ta kai wa mijinta maganar. Ku jikoki da kuke kiransa Baban Gusau, sunansa Nasiru, gyaran waya yake yi a kasuwa. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa, ya gaishe ni idonsa a kan tabarma. Da yake mijin ɗiyata ta fari ne, kunyar da ke tsakaninmu ta fi ta sauran surukai nauyi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ma ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba. Ku tuna da wannan, don a nan ne komai ya karkace.

Kashegarin ƙaramar Sallah bayan la'asar ya zo gaisuwa. Muna zaure ni da Bashiru, ƙanin Rabi, wanda ya gaje ni a saurin harshe, da Sani autanmu, da wasu maƙwabta biyu da suka shigo cin tuwon Sallah suka ƙi tashi. Nasiru ya gama gaisuwa, ya sake gyara durƙuso, sannan ya ce:

"Baba, a gafarce ni, akwai wata magana. Akwai wani abu da ake ce ma sigarin lantarki. Caji ake yi mashi kamar waya, a ɗura mashi ruwa. Ba ya ƙuna, tururi ne ke fita. Wani abokin sana'ata da shi yab bar taba."

Bashiru ya ce, "Ba shi ne abin 'yan shisha ba? Shi za a kawo ma Baba?"

Nasiru bai kula shi ba. Ya bayyana mana a hankali cewa abin da ke riƙe mai shan taba wani sinadari ne da ake kira nikotin, kuma ruwan nan da ake ɗurawa kowace kwalba da lambarta, uku, ko shida, ko sha biyu, ko sha takwas, gwargwadon yawan nikotin da ke ciki. Mai shan kara kaɗan a wuni ƙaramar lamba ta ishe shi. Mai sha da yawa, wanda da ya farka taba yake fara nema, shi sai ya fara da babba, in jiki ya saba a riƙa sauka a hankali har a kai ƙasa. Ya ce in lambar ta yi wa mutum yawa jiri zai ɗebe shi, in ta yi kaɗan kuma kamar bai sha komai ba. Na gane bayanin sarai, don irin maganar da na shekara talatin ina yi wa manoma ce. Sai ya ƙara sunkuyar da kai ya ce:

"To shi ne nike son a hwaɗa mani, Baba. Kara nawa ake sha a wuni?"

Maƙwabtan nan biyu suka daina tauna. Sani ya kama kallon rufin ɗaki kamar yau ya fara ganin azara. Tun da nake ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba, balle a gaban 'ya'yana, balle daga bakin suruki. Gaskiya ma ban san adadin ba, don ban taɓa sayen kwali ba. Kara biyu nan, kara uku can, wajen mai tebur na bakin tasha ko na kan hanyar gona, shi ya sa kullum nake ganin kaina a cikin masu ɗan taɓawa. Amma na san dai ba abin da na faɗa ba ne. Na gyara hula na ce:

"Uku. In ta yi yawa, huɗu."

Nasiru ya ɗan jinkirta, ya ce, "To, Baba."

Bayan mako guda ya aiko da abin a hannun Rabi, wani siriri kamar biro, da 'yar kwalba mai lamba uku. Innarku ta juya shi ta ce, "Wanga ne za shi kashe abin da yag gagari goro?" Daga ranar sunansa ya zama biro a gidan. Na kai shi bayan rumbu na zuƙa. Ƙamshi dai akwai, tururi akwai, amma abin nan da ke sauka a ƙirji ya kwantar wa mutum da rai babu shi. Na sake zuƙa, na sake. Kafin azahar caji ya ƙare, maƙogwarona ya bushe, kaina na sara, raina kuma yana nan yana kiran taba kamar ban sa komai a baki ba. Kwana huɗu na yi a haka, kuma a cikinsu babu wanda ban yi wa faɗa ba. Na yi wa Innarku tsawa a kan miyar kuka da ta shekara talatin tana yi mini iri ɗaya. Na kori akuya da takalmi. A rana ta biyar na tafi Tsafe ta'aziyyar wani tsohon abokin aiki, kuma tun kafin in isa gidan makokin na tsaya wajen mai tebur. Ban ma tsaya neman lungu ba, a bayan wata motar itace na sha kara biyu a jere.

Innarku ta ji warin tun daga ƙofa, ta miƙo goro. Bashiru ne bai iya shiru ba. Ya same ni a zaure ya ce ina biro. A nan ne na yi ƙarya ta biyu, wadda ta fi ta farko muni.

Na ce, "Abin nan ba shi aiki. Ruwa ne da ƙamshi, ba komi ciki."

Ya ce, "Ai ni na sani. Jabu yas sawo. Masu gyaran waya hwa, su sa maka tsohon batir su ce sabo ne, shi ne har Baba za a yi ma haka?"

Da na buɗe baki na ce a'a, laifina ne, da magana ta mutu a wurin. Ban ce ba. Na ji daɗi ma, in faɗa muku gaskiya, don an samu wanda zai ɗauke mini kunya. Kafin wata ya ƙare maganar ta zaga dangi cewa mijin Rabi ya kawo wa surukinsa kayan jabu, wasu har da ƙarin cewa ya so ya mayar da dattijo ɗan shisha. Ranar sunan ɗansu na biyu, a Gusau, cikin taro, Bashiru ya ɗaga murya ya ce a ba Mai-jabu hanya ya wuce. Aka yi dariya. Ina zaune ina ji, na sa kai ƙasa kamar ina jan carbi. Daga ranar Nasiru ya daina shiga zaurena. In ya kawo Rabi sai ya tsaya a ƙofar gida ya gaishe ni daga waje, ya ce akwai aiki na jiransa. Rabi kuma ta rage dariya a gidan ubanta. Takan shigo ta gaishe ni da ladabi, ta wuce ɗakin Innarku, su yi ta magana ƙasa-ƙasa. Abin ya dame ni ƙwarai, amma girman kai ya fi damuwar ƙarfi.

Haka aka shiga damina. Ko da na yi ritaya, mutane ba su daina zuwa tambayata a kan gona ba. Akwai wani Bafulatani, Malam Jaɓɓi, da ke zaune wajen Kekun Waje, yana kiwo yana kuma ɗan noma masara. Ya zo ya ce tsutsa ta shiga masararsa. Na tambaye shi girman gonar, ya ce 'yar kaɗan ce, ba ta fi bayan gida ba. Na faɗa masa maganin da zai saya da yawan ruwan da zai haɗa. Bayan kwana goma ya dawo ransa a ɓace, ya ce maganin banza ne, mai shagon ya cuce shi. Na hau babur na bi shi. Da muka isa sai na ga gona har inda ido ya tsaya. Ashe da ya ga maganin ba zai kai ba, sai ya yi ta ƙara ruwa har ya zagaye gonar duka. Kun san su, ba sa son faɗin yawan abin da Allah ya ba su, ko shanu ko gona. Raina ya ɓaci, na hau shi da faɗa:

"Malam Jaɓɓi, kai kac ce mani 'yar kaɗan ce! An auna maka gwargwadon abin da kah hwaɗi, ka zo kana zagin mai shago. Mi nasa a ciki? Wanda yab ɓoye gaskiya shi ad da laihi!"

Ya ce, "Gaskiya ne, Malam, kunya ce."

Ban iya ƙarasa faɗan ba. Na tsaya a tsakiyar masarar mutum, ga kara biyar a aljihuna da na saya a hanya, na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na gaya masa yadda zai sake haɗin, na ɗebi tsabar masara cikin wadda yake ba kaji, na hau babur na dawo.

Kashegari na zuba tsabar a aljihun dama. Duk karan da na kunna, sai in ɗauki ƙwaya ɗaya in mayar aljihun hagu. Ban rage ba, ban ƙara ba, na sha yadda na saba, tun daga na bayan sallar asuba har na bayan isha'i. Da safe na juye aljihun hagu a tafin hannu na ƙirga. Na sake ƙirgawa don na ɗauka na yi kuskure. Ashirin da shida ne. Na ƙulle su a ƙyalle, na shiga mota zuwa Gusau ban gaya wa kowa ba.

Ban taɓa zuwa shagon Nasiru ba, don ba a san suruki da bin suruki wurin sana'a ba. Sai da na yi tambaya sau uku. Ɗan ƙaramin wuri ne, tebur cike da wayoyi a buɗe, shi kuma ya sunkuya a kan wata da ɗan ƙarfen walda. Da ya ɗago ya gan ni sai ya miƙe har kujera ta faɗi, ya rasa inda zai durƙusa.

"Baba! Lahiya? Wani abu yaf faru?"

Na ce lafiya lau. Duk maganar da na shirya a mota ta gudu. Na kwance ƙyallen, na zuba masarar a kan teburinsa tsakanin wayoyin mutane, na ce:

"Na jiya ne. Ƙirga."

Ya gane nan take. Ya sa yatsa yana ja ɗaya-ɗaya, bai furta lamba ba har ya gama. Sai ya jawo aljihun tebur, ya laluba can ciki, ya fito da wata 'yar kwalba da ko buɗe ta ba a yi ba, ya ajiye kusa da masarar. Lambarta sha takwas.

Ya ce, "Tun ran nan nis sawo biyu, Baba. Wagga na aje."

Na ce, "Kenan ka sani?"

Ya ce, "Na ga yatsu, Baba, kuma Rabi ta hwaɗa mani yawan zuwa bayan rumbu. Amma an ce uku gaban su Bashiru da baƙi. In na kawo babba, na ƙaryata Baba ke nan. Na so in samu Baba shi kaɗai in yi bayani, sai magana ta riga ta lalace."

Wato ya san ƙaramar ba za ta riƙe ni ba, ya san wa za a zaga in ta kasa, ya kuma zaɓi a zage shi da a ce surukinsa ya yi ƙarya. Ni na ji kunyarsa na rage lamba, shi ya ji kunyata ya bi lambar, muka taru muka ɓata wata biyar. Na tsufa ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan rana ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce babu komai, ya roƙe ni in daina faɗin haka kada maƙwabtan shago su ji.

Ya koya mini yadda ake yi. Ya ce wannan ba a yi mata zuƙar taba, kaɗan-kaɗan ake ja, a ajiye, kuma in na ji jiri ko tashin zuciya ko shaƙuwa to na wuce gona da iri. Ya ce a kulle kwalbar inda yara ba za su kai ba, don guba ce in suka sha. Da na isa gida ban bi maganarsa ba, na ja kamar yadda na saba, sai ga ni zaune a gindin rumbu ƙasa na juyawa, shaƙuwa kamar ta kashe ni. Innarku ta leƙo ta ce, "Yau kam garar ta kada ka." Amma daga ranar na gane awon, kuma karo na farko na ji abin ya sauka inda taba ke sauka. Mako ya wuce ban tsaya wajen mai tebur ba, wata ya wuce. Na yi wata huɗu a kan sha takwas, na sauka sha biyu. Da na ji ƙarfi sai tsohon halina ya motsa, na ce a ba ni uku kai tsaye. Kwana biyu na yi na ga idona na bin teburin tasha, na aika wa Nasiru, ya aiko da shida. Da na koma wajen likitar nan ta ce tarin ya ragu, amma kada in ɗauka biro abinci ne, shi ma abin bari ne. Na bi maganarta. Sai da aka yi damina biyu kafin in sauka uku, sannan wata rana na manta shi a aljihun wata riga har aka wanke, ban kuma nemi wani ba.

To ga inda na fi cutar da Nasiru. Da kuka ga na daina, murna ta cika gida, kuka yi ta cewa Baba akwai ƙarfin zuciya. Bashiru kuma ya ce:

"Kun gani ko? Da anka matsa mashi yas sawo na gaske, ga shi ya yi aiki. Ashe dai na farko jabu ne."

Samun sauƙina ya zama shaida a kansa. Ina zaune aka faɗi haka, na kuma yin shiru, don in na wanke shi sai na faɗi ashirin da shida a gabanku. Na ce zan faɗa in an kwana biyu. Kwana biyun ne ya zama shekaru. Yau Nasiru ya yi furfura a gemu, yana shiga zaurena, amma shi da Bashiru gaisuwa ce kawai ta haɗa su, ba su ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba. Sunan nan kuma bai mutu ba. Sallar da ta wuce na ji ɗan Sani, yaron da ba a ma haifa ba lokacin, yana cewa ga motar Mai-jabu nan ta iso, yana dariya, bai san abin da yake faɗi ba. Rabi ta ji. Ta dube ni sau ɗaya, ta shige ciki. Ban sani ba ko mijinta ya taɓa gaya mata, amma kallon ya ishe ni.

Saboda haka ku ji da kyau. Kwalbar farko ba jabu ba ce. Daidai take da abin da na faɗa, abin da na faɗa ne ba daidai ba. Kara ashirin da shida nake sha a wuni, na ce uku. Bashiru, kai ba ka yi ƙarya ba, tawa ka ɗauka ka yaɗa, amma bakinka ne ya faɗa cikin taro, don haka da ƙafarka za ka je Gusau. Kada ka aika, kada ka buga waya.

Da na gama rubuta wannan babin na sa aka kira mini Nasiru, na karanta masa tun daga farko, mu biyu a zaure. Ya saurara kansa a ƙasa har na kai ƙarshe. Sannan ya ce:

"Baba, don Allah a cire wanga. Abin ya wuce. Yara za su karanta."

Shekara ashirin ke nan yana auren ɗiyata, bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Na ce masa a'a.